Komawa makaranta: Wandon bara ya ɗangale, masara ba ta bushe ba

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, lissafi biyu ne ke cin karo da juna a gidajen Gozaki da sauran garuruwan Ƙaramar Hukumar Kafur. Na farko lissafin makaranta: dogon hutu ya ƙare, sabuwar shekarar karatu ta shigo, kowane yaro zai koma sabon aji. Na biyu lissafin gona: abin da ke rumbu ya yi ƙasa, ɗan kuɗin da ke hannu ya tafi a taki da maganin feshi da sallamar 'yan ƙwadago, masara kuwa tana tsaye a gona ba ta bushe ba, balle a yi maganar kai ta kasuwa.

A daidai wannan lokaci ne iyaye mata ke buɗe akwati su fito da yunifom ɗin bara a gwada. Sai a tarar wando ya ɗangale, riga ta matse a kafaɗa, takalmi ya ƙi shiga. Yarinyar da hijabinta ke sharar ƙasa bara, bana da ƙyar ya wuce gwiwa. A yi dariya, kakanni su yi tsokana, a ce tubarkalla. Daga nan sai gida ya yi tsit, domin kowa ya san abin da wannan girma ke nufi ga aljihun maigida.

Matsayinmu a kan wannan lamari a fili yake. Girman yaro ni'ima ce, kuma bai kamata ya zama dalilin da zai zauna a gida ba. Kayan makaranta an ƙirƙiro su ne don su rufa wa talaka asiri a cikin aji. Idan suka koma abin da ake korar ɗansa a kai, to an juya manufar.

Tef ɗin tela ba ya ƙarya

Iyayen da ke kwana su tashi da yaro su ne na ƙarshe da ke lura da girmansa. Baƙon da ya shekara bai zo ba shi ke riƙe baki ya ce, “Wannan wane ne haka?” A ƙauye, inda ba kowa ke da katin asibiti ko takardar haihuwa ba, tef ɗin tela shi ne ma'aunin da ke zagayowa duk shekara. Shi ke faɗa wa uba cewa ɗan da yake aika sayen magi ya fara kamo shi a tsawo. Shi ke faɗa wa uwa cewa 'yarta ta tasa.

Masana lafiya sun ce yaro mai ƙoshin lafiya, daga shekara 6 zuwa lokacin balaga, yakan ƙara tsawon santimita 5 zuwa 6 a shekara. Idan balaga ta zo sai tsawon ya yi sauri, kuma 'yan mata kan riga maza da kimanin shekara biyu. Shi ya sa telan da ya san aikinsa ke barin kalmasa mai faɗi a ƙafar wando da hannun riga, don a warware baɗi. Shi ya sa kuma ake ganin 'yan aji ɗaya suna iyo a cikin riga. Uwar da ta ce wa tela “a yi masa da girma” ta san abin da take yi.

Sai dai akwai abin lura da ba a cika faɗa ba. Wani uban yakan yi murna idan yunifom ɗaya ya kai ɗansa shekara uku ba a warware kalmasa ba, ya ɗauka ya ci riba. Wannan abin dubawa ne. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya nuna fiye da rabin yaran Jihar Katsina 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba, saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya. Waɗannan yara su ne ke zaune a azuzuwan firamare da ƙaramar sakandare a yau.

Gaskiya ne akwai gado, wani gidan gajeru ne, wani dogaye. Amma yaron da ya shekara biyu ko uku bai motsa ba, yana yawan zazzaɓi, ko cikinsa ya yi tulu, ya kamata a kai shi asibiti a duba tsutsar ciki, da maleriya, da sikila, da irin abincin da yake ci. Abin takaici ne a ce yankin da ke loda wa manyan motoci waken suya da masara zuwa kudu, 'ya'yansa ba sa samun waken a cikin kwano. Saboda haka uban da wandon ɗansa ya ɗangale ya gode wa Allah. Kuɗin ɗinki ya fi kuɗin magani sauƙi.

Kyauta ne, amma da kuɗi

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun shekara 9, shida a firamare da uku a ƙaramar sakandare, kyauta ne kuma tilas ne ga kowane yaro a Najeriya. Har hukunci ta tanada ga iyayen da suka ƙi sa 'ya'yansu. Amma duk mai ɗa a makarantar gwamnati ya san inda kyautar ta tsaya. Yadi, kuɗin ɗinki, hijabi, takalmi, safa, jaka, littafin rubutu da biro, duk a wuyan uba suke.

A ɗauki magidanci mai 'ya'ya biyar ko shida a makaranta, wanda ba baƙon abu ba ne a gidajenmu. Kowannensu yana da yunifom ɗin boko, yana da na Islamiyya, kuma launinsu daban. Wanda ya gama aji shida zai shiga ƙaramar sakandare, kayansa na firamare sun tashi aiki ko da ba su yage ba. Idan makarantar kuɗi ce, akwai kayan wasanni, wasu ma har da kayan ranar Juma'a, kuma sau da yawa a ofishin makaranta kaɗai ake sayar da su, a farashin da makarantar ta ga dama.

Duk wannan yana faruwa ne a lokacin da komai ya tashi. Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, ta kuma wuce 1,000 kafin ƙarshen 2024. Dalar da gwamnati ke sayarwa a kan naira 460 da 'yan kai ta wuce 1,500 a 2024. A watan Disambar 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100. Ma'aikaci an ƙara masa mafi ƙarancin albashi zuwa naira 70,000 a 2024, shi ma yana kuka. Manomi ba shi da albashi. Albashinsa sau ɗaya ne a shekara, da kaka.

A nan matsalar take. Kalandar makaranta ta ce a sayi kaya a Satumba. Kalandar gona ta ce masara da waken suya sai Oktoba zuwa Nuwamba, dawa da auduga kuwa sai an shiga hunturu. Tsakanin nan magidanci na da zaɓi uku, kuma babu mai daɗi a ciki. Ko ya sayar da akuyar matarsa, ko ya ci bashin da zai biya da buhu idan kaka ta yi, a farashin da mai kuɗi ya yanka, ko kuma ya ce wa yaran su dakata tukuna. Da yawa na ukun suke zaɓa, tunda dama hannu ake nema a gona. Mako biyu ya zama wata, wata ya zama zango. Yaron da ya dawo a Janairu ya tarar an wuce shi, sai karatu ya fita ransa.

A kan 'ya mace abin ya fi faɗawa

Namiji zai iya sa ɗangalallen wando ya tafi, a yi masa dariya kwana biyu a manta. 'Ya mace ba haka ba. Shekarun da take gama firamare su ne shekarun da jikinta ke canzawa. Rigar da ta matse ba za ta saka ta ratsa gari ba, uwarta ma ba za ta bari ba, kuma suna da gaskiya. Sutura a wurinmu addini ce, mutunci ce.

To idan kuɗi bai kai a yi wa kowa ɗinki ba, wa ake cewa ya haƙura? Kowa ya san amsar. Sai a ce ta ɗan taya uwarta talla kafin a samu. Yarinyar da ta wuce zango ɗaya a gida tana ɗauke da farantin talla, maganar da za a fara yi a kanta ba ta makaranta ba ce. Haka yadi huɗu ko biyar ke yanke wa yarinya karatu, ba tare da kowa ya zauna ya yanke shawarar cire ta ba.

Wannan yanki ya san darajar likita mace da ungozoma da malamar makaranta, domin babu magidancin da ke son namiji ya duba matarsa a ɗakin haihuwa. Amma kowace ma'aikaciyar jinya da ke asibitin Malumfashi ko na Funtuwa sai da ta tsallake wannan siraɗi na shiga ƙaramar sakandare. Wadda aka tsayar a nan ba za ta kai can ba.

Kada kuma a manta da halin da iyayen kudancin Katsina ke ciki. Tun daren 11 ga Disamba, 2020, da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, tura yaro makaranta a wannan yanki ya zama abin da sai an daure. Uban da ya danne fargaba ya turo ɗansa, bai cancanci a mayar masa da shi gida a kan safa ba.

Ƙasar auduga, yadin waje

Akwai abin da ya kamata ya dame mu. Gozaki na cikin tsofaffin garuruwan kudancin ƙasar Katsina, kuma wannan yanki da auduga aka san shi tun kafin zuwan Turawa. Maska ta yi suna da saƙa da rini. Saboda audugar nan ne Turawan mulkin mallaka suka kafa injinan gurza a Funtuwa da Malumfashi. Har yanzu akwai masaƙa a Funtuwa.

Amma a yau yadin da ake ɗinka wa jikan manomin auduga yawanci daga ƙasashen waje yake zuwa, musamman Chana, ya sauka Kantin Kwari a Kano, ɗan kasuwa ya saro ya kawo Malumfashi ko Funtuwa. Kowane zango sai an ɗora kuɗin mota, kuma duk lokacin da dala ta motsa sai ya motsa. Mafi yawansa na roba ne, yana riƙe zafi, yaro ya wuni cikin gumi a ajin da ba fanka. Manyan masaƙun Kaduna da suka taɓa ɗaukar dubban ma'aikata sun durƙushe tun shekarun 2000.

A 2019 Babban Bankin Najeriya ya ƙaddamar da rabon irin auduga ga manoma a nan Katsina, aka kuma yi yarjejeniyar cewa jami'an tsaro masu kayan sarki za su riƙa ɗinka kakinsu da yadin gida. Tunanin mai kyau ne. Sai dai babbar rundunar masu yunifom a jihar nan ba sojoji ba ne, ba 'yan sanda ba ne. 'Yan makaranta ne, kuma su duk shekara sai sun girma. Kasuwa ce da ba ta yankewa, tana nan a ƙofar gida.

Abin da aka gani a wasu ƙasashe

Wani zai ce yunifom ƙaramin abu ne, matsalar ilimi ta fi nan: babu malamai, babu kujeru, rufin aji na yoyo. Duk gaskiya ne. Amma an gwada ƙaramin abin a wani wuri, an ga tasirinsa.

A yammacin Kenya, bayan an soke kuɗin makarantar firamare a 2003, sai yunifom ya zama babban abin da ya rage a kan iyaye. Masana tattalin arziki uku, Esther Duflo da Pascaline Dupas da Michael Kremer, suka bi diddigin ɗalibai a makarantun firamare 328. A wasu makarantun aka raba wa 'yan aji shida yunifom kyauta, a wasu ba a raba ba. Bayan shekara uku, 'yan matan da suka bar makaranta sun ragu daga kashi 19 zuwa 16 cikin 100 a inda aka yi rabon, maza kuma daga kashi 13 zuwa 10. Biyu daga cikin masanan, Duflo da Kremer, na cikin waɗanda suka samu kyautar Nobel ta tattalin arziki a 2019 saboda irin wannan aiki.

Ko a Ingila, ƙasar da muka gaji yunifom daga gare ta, sai da majalisa ta yi doka a 2021 da ta tilasta wa makarantu la'akari da ƙarfin iyaye, da rage kayan da ke ɗauke da tambarin makaranta, da samar da hanyar sayen na hannu. Idan Bature mai albashin wata ya koka har aka yi masa doka, ina ga mai jiran kaka?

Ba cewa muke a soke yunifom ba. Yana da amfani. Shi ke sa ɗan mai kuɗi da ɗan mai tura baro su zauna benci ɗaya ba a gane bambanci. Shi ke sa a gane ɗalibi a kan hanya, a tambaye shi me yake yi a tasha da ƙarfe goma na safe. Idan aka ce kowa ya zo da kayan gida, gasar shadda da leshi za ta ɓarke, kuma talaka ne zai sha kunya. Abin da ake nema shi ne a sauƙaƙa shi, a kuma daina mayar da shi sandar kora.

Mafita

Na farko, Ma'aikatar Ilimi da Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Katsina su fitar da umarni a rubuce: kada a kori yaro daga makarantar gwamnati saboda yunifom ko takalmi a zangon farko. Ya zo da tsohon, ko da kayan gida masu tsafta, a ba iyaye wa'adi zuwa Janairu, lokacin da amfanin gona ya shigo. Malamai za su ce idan aka sassauta babu wanda zai ɗinka. Shi ya sa muka ce wa'adi. Wanda ya sayar da masara ya ƙi yi wa ɗansa ɗinki, mai unguwa da kwamitin makaranta su kira shi, shi uban, a yi magana. Yaro ba shi ya ƙi ba.

Na biyu, a rage yawan launi. Idan makarantun firamaren gwamnati a ƙaramar hukuma suna da launi ɗaya, kuma wando da hijabi ba su canza ba idan an shiga ƙaramar sakandare, ƙane zai gaji wa, ƙanwa ta gaji ya, ko da ba makarantarsu ɗaya ba. 'Yan kasuwa su ma za su saro da yawa, farashi ya sauka. Masu Islamiyyu su duba ko za su karɓi launin da yara ke da shi.

Na uku, masu makarantun kuɗi su ji tsoron Allah. A faɗi launi da irin ɗinki, a sayar da tambari kawai, a bar uba ya je kasuwa ya yi ciniki, ya kai wa telan unguwarsu. Makaranta wurin karatu ce, ba shagon yadi ba.

Na huɗu, idan gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ko wani ɗan majalisa zai raba yunifom, a raba kafin a koma, ba a tsakiyar zango don ɗaukar hoto ba. A fara da 'yan matan da ke shiga ƙaramar sakandare da marayu. A nemi yadin daga masaƙun gida, a ba telolin Gozaki da Kafur da Malumfashi ɗinkin, maza da mata, su auna kowane yaro. An sha ganin kayan rabo da aka ɗinko daga nesa, awo ɗaya ga kowa, sun ƙare a ƙasan akwati. Haka shirin AGILE na Bankin Duniya, wanda Katsina ke cikin jihohi bakwai na farko da suka shiga, yana da ɓangaren tallafin kuɗi ga iyayen 'yan mata. Amfanin irin wannan tallafi ya fi yawa idan ya iso hannu a watan Agusta.

Na biyar, mu iyaye. Mun san Satumba na zuwa kamar yadda muka san Sallah na zuwa. Da kaka, lokacin da kuɗi ke hannu ana ta bukukuwa da sayen babur, a yanki yadin makaranta a ajiye, ɗinki ya biyo baya. Mata masu adashi su ware zubi ɗaya na komawa makaranta. Wanda ya iya fitar da kuɗin anko, ya iya fitar da na yunifom. A yi wa yara bayani cewa saka kayan wa ko ya ba abin kunya ba ne, mu ma haka muka taso. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ajiye akwati a kowace makaranta, masu fita su bar kayan da ba su lalace ba, a wanke, a gyara, a ba mabuƙata cikin sirri. Masu hali kuma, idan za a kai 'ya'ya wurin tela, a haɗa da maraya ɗaya na maƙwabta. Ɗa na kowa ne.

Akwai abu ɗaya da ba ya buƙatar ko kwabo. Ranar awo, uba ya je da kansa. Ya tsaya ya ga inda tef ya kai, ya tambayi yaro ajin da zai shiga da sunan malaminsa, da darasin da ke ba shi wuya. Uwa ta zauna da 'yarta ta yi mata bayanin abin da ke faruwa da jikinta tun kafin ta ji a bakin ƙawaye. Shekara 12 ne daga aji ɗaya na firamare zuwa ƙarshen sakandare, wato damina 12 kacal, kuma manomi ya fi kowa sanin yadda damina ke gudu. Taki idan lokacinsa ya wuce, ko an zuba bai cika amfani ba.

Shugabannin makarantu ba sai sun jira takarda daga Katsina ba. Hedimasta da kwamitinsa za su iya zama a wannan mako su amince cewa duk yaron da ya zo za a karɓe shi, a sanar a masallatai ranar Juma'a. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu kaka mai albarka, Ya dawo mana da zaman lafiya.